Boris na uku cikin wata biyar, kuma ƙafa ɗaya

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Salamu alaikum yan uwa barkanmu da dare. Dan Allah masana ku taimaka mani kafin haƙurina ya ƙare. Hayis gare ni tsohuwa irin ta kafin Homa, ƙirar 1998, da ita nike raba fiya wata cikin garin Katsina, ran Lahadi kuma in kwashi kayan yan kasuwa zuwa Mai'adua. Ƙafar gaba ta gefen kwandasta ta hana ni sakat wlh, wata biyar kenan boris uku na sa mata, wato ƙarfen nan mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kai, kowane sai ya yi sati biyar ko shida lafiya lau sannan kukan ya dawo, wuuu wuuu kamar jirgi zai tashi. Jiya muna dawowa daidai Shargalle na tsaya na taɓa hob ɗin, wato cibiyar ƙafar da ake ɗaure taya a jiki, saura kaɗan fatar hannuna ta tashi. Bakanike na yace boris ɗin kasuwa ne duk jabu, mai shago yace bakanike na ne bai iya aiki ba. Ni kuma kuɗina ne ke tafiya. Mi ke faruwa ne?

Direban Mashi:
Wa alaikumus salam. Jabu ne kawai malam, kada ka wahal da kanka. Yanzu kwali ne ake saidawa ba boris ba

Injiniya Ɗan Poli:
Kafin a yanke ma boris hukunci, ka tabbata shi ne ke kukan? Kukan na ƙaruwa in ka ƙara gudu? In ka sa giya a firi yana nan ko yana ɗaukewa? Sannan in ka samu hanya ba kowa ka ɗan karkata sitiyari hagu da dama, ta wane gefe ya fi tashi

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Yana ƙaruwa da gudu, a firi ma yana nan. In na karya hagu ya fi ƙara, in na karya dama sai ya yi ƙasa kamar an rufe mashi baki

Injiniya Ɗan Poli:
To lallai alamar ta boris ce kuma ta dama. In ka karya hagu nauyin mota kan ƙafar dama yake komawa shi ya sa take ƙara kuka. Kukan taya daban ne, shi yana canzawa in ka sauka daga kwalta ka hau burji, na boris babu ruwanshi da irin hanya.

Baba Bakanike Daura:
Yaro na ji bayaninka. Tambaya ɗaya zan maka ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. Duk sau ukun nan da aka canza, kana tsaye aka yi ko ka aje mota ka tafi shan shayi? Boris ɗin gaban motarka biyu ne a kowace ƙafa, babba na ciki da ƙarami na waje, kuma kowane da kwanonshi yake zuwa, wannan zoben mai santsi da ake bugawa cikin hob. Ka ga an fidda tsohon kwanon da idonka?

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Gaskiya Baba ban tsaya ba. Mutumina ne tun ina yaron mota, aje mashi nike in dawo

Baba Bakanike Daura:
To a nan gizo ke saƙa. Na fi shekara talatin ina kwance ƙafar mota, kuma abin da na fi gani shi ne yaran gareji su zare boris su jefa sabo su bar tsohon kwano, saboda fidda kwano aiki ne, sai ka wanke giris tas ka nemo yan gurabun nan biyu da aka bari cikin hob ka sa fanci kana bugawa nan kaɗan can kaɗan har ya fito. Yaro na sauri ga motoci uku na jira, wa zai tsaya. To tsohon kwano ya riga ya ci, ya yi ƙuraje da zane, ka ɗora sabbin 'ya'ya a kai su yi ta gudu bisa gargada, ko daga Japan aka kawo maka shi cikin jirgi wata biyu ba zai yi ba. Boris da kwanonshi tare ake sa su tare ake cire su.

Mai Sifiya:
Allah ya saka da alheri Baba, yau dai an samu mai faɗin gaskiya. Kullum mu ake zagi. Mutum zai zo shago in fiddo mashi kala uku in ce ga mai kyau ga matsakaici ga na talaka, wlh cikin goma takwas na talakan za su ɗauka, wani ma bakaniken ne aka ba kuɗin mai kyau ya sayi na ƙasa ya soke canji, in ya mutu a ce mai shago ya cuce su

Direban Mashi:
Kai ma dai kada ka wanke kanku tas. Ni an taɓa saida mani cikin kwali mai kyau da kuɗin orijina, sati uku ya watse mani da fasinja a mota

Mai Sifiya:
Ban ce babu jabu ba, akwai shi kamar ƙasa. Koyo, NSK, NTN, Nachi duk kamfanonin Japan ne na ƙwarai, kuma don suna da suna ne ɓarayi ke buga sunansu a kwalin banza. Mu kanmu wani lokaci a wajen sari ake yi mana. Abin da nike ce ma kwastoma, ka duba rubutun da ke jikin ƙarfen ba na kwali ba, na ƙwarai rubutun a tsaftace yake lamba ta fito daidai, ka duba kejin da ke riƙe 'ya'yan ko bakinshi na da kaifi kamar an yanka gwangwani, ka shafa cikin kwanon da farce ka ji ko akwai kaushi. In kuma farashi ya yi arha fiye da hankali to ka san abin da ka saya. Kuma dan Allah ku riƙa zuwa da tsohon, lamba ake bi ba ido ba.

Injiniya Ɗan Poli:
Ƙari a kan maganar Baba, ɗaurin notin ma yana kashe boris. Irin wannan boris mai 'ya'ya kamar turmi a karkace, wanda Henry Timken ya yi ma rajista a Amurka tun 1898, ba a ɗaure shi tamau. Ƙa'ida ita ce ka ɗaure kana juya taya don komai ya zauna, sai ka sassauta har noti ya saki, sai ka sake matsowa a hankali daidai inda rawa ta ɗauke, ka sa murfin noti ka zura kota fin, ɗan ƙarfen da ke hana noti kwancewa. A littafin Toyota har ɗan sikeli ake maƙalawa jikin notin taya a ja a ga nauyin juyin.

Direban Mashi:
Nan fa ban yarda ba Injiniya. Ƙafa in ba a ɗaure ta da kyau ba rawa take, ta cinye maka taya ta gefe, sitiyari na kakkarwa. Ni nakan ce ma yaro ya sa bututu a sifana ya taka. Hanyoyinmu ba na littafi ba ne

Baba Bakanike Daura:
Subhanallahi. Bututu? Ɗana to kai ke kashe boris ɗinka da kanka kana zagin mai shago. Ƙarfe in ya ɗauki zafi buɗewa yake, ka matse shi tun yana sanyi ina zai je in ya yi zafi? Giris ɗin da ke tsakanin 'ya'ya da kwano ka matse shi ya fita, ƙarfe na cin ƙarfe, kafin ka kai Daura daga Katsina hob ya isa gasa tsire. Na sha fiddo boris ya koma shuɗi kamar an rina. Ni ƙarshen ɗaurina da yatsu nike yi ko in riƙe sifana a wuya, in juya taya ta yi zagaye da kanta ba ta tirjewa, in kama sama da ƙasa in girgiza in ji babu ƙwas ƙwas. Shi ke nan. Sakin da yawa ma illa ne ban musa maka ba, amma tsakanin sako-sako da tamau akwai wuri, wurin nan ake biyan bakanike ya nemo.

Direban Mashi:
To Baba ni dai shekara goma sha haka nike yi

Yaron Gareji:
Shi ya sa shekara goma sha kana sayen boris hhhhh

Direban Mashi:
Kai yaro ka kiyaye ni, sa'anka ne ni?

Admin:
Dan Allah a yi haƙuri a tsaya kan magana. Yaron Gareji ka ba yayanka haƙuri.

Yaron Gareji:
Tuba nike yaya wasa ne. Amma Oga Mai Hayis ga wani gwaji da ogana ya koya mani, in an ɗaga mota a jak ka girgiza taya sama da ƙasa ka ji tana rawa, sa wani ya taka birki ya riƙe ka sake girgizawa. In rawar ta ɗauke boris ne, in tana nan boljoyin ne, wato gaɓar da ke riƙe ƙafa da jikin mota. Mutane da yawa boljoyin ke damunsu sai a yi ta matse notin boris ana neman rawa ta tafi, ita kuwa ba daga nan take ba

Baba Bakanike Daura:
Ogan naka ya koya maka aiki. Allah ya yi albarka.

Injiniya Ɗan Poli:
Malam Mai Hayis leda nawa kake ɗorawa?

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Ya danganta, lokacin zafi har 170 ina sawa, na cire kujeru duka

Injiniya Ɗan Poli:
To lissafa. Leda ɗaya ƙulli 20 ne, kowane rabin lita, kilo 10 kenan. Leda 170 kilo 1,700, ga kai ga yara biyu. Motar nan abin da aka yi ta ta ɗauka bai wuce wajen tan ɗaya ba. Ran Lahadi kuma Allah kaɗai ya san abin da yan Mai'adua ke loda maka, buhun hatsi ɗaya kilo 100 ne fa.

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Injiniya in na ɗauki leda 100 kuɗin mai ma ba zai fito ba, kai ma ka san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a 2023. Kuma in obalodi ne mi ya sa ta gefen direba ba ta taɓa kuka ba, shekara biyu rabon da a taɓa ta

Baba Bakanike Daura:
Yawwa. Wannan tambayar taka ita ce amsar. Lodi na rage ma boris kwana babu musu, amma da lodi ne kaɗai da baya za ta fara kuka don can nauyin yake. Ƙafa ɗaya sau uku, akwai abin da ke cikin ƙafar nan. Ko da yake ta dama dama ta fi shan wuya, ita ke faɗawa bakin kwalta duk sanda ka kauce ma babbar mota, ita ke shiga ruwan gefen hanya da damina. In za a buɗe ka ce a nuna maka sandar da boris ke zama a kai, sifindil. In wani boris ya taɓa kamewa ya juya bisa sandar to ya cinye ta, sabo zai shiga sululu babu riƙo. Abin da wasu ke yi su sa fanci su tsattsaga wurin ya yi ƙuraje, wasu su naɗa gwangwanin madara, wasu su ɗiga walda su goge da fayil. Duk na kai-ni-gida ne. Sanda in ta ci sai canji, a nemo Beljiyam mai kyau, in babu a Katsina a aika Ƙofar Ruwa Kano.

Hajiya Mai Biredi:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar. Motar gidan biredinmu irin wannan ce, direba yace ƙafar baya na zubar da mai ta cikin taya kuma birki baya kamawa sosai, wai a sayi oyil sil kawai, robar da ke tare man. Wata uku da suka wuce ma oyil sil ɗin aka canza. Ni ban san kan mota ba kuɗi kawai nike fiddawa

Baba Bakanike Daura:
Hajiya barka da dare. Kada ki bari motar nan ta fita gobe da biredi sai an duba. Man aksul ne ke bi ta sanda yana jiƙa takalman birki, takalmi in ya sha mai ya tashi aiki, wanki da fetur baya maido shi, sabo za a sa kuma gefe biyu. Dalilin da sil ke mutuwa da wuri sau da yawa boris ɗin bayan ne ya yi rawa, sanda na lilo tana cin bakin sil. Na baya ba irin na gaba ba ne da ake ɗaurewa da noti, matse shi ake a jikin sanda da injin matsi, a bayanshi kuma akwai wani zobe mai kauri da ke riƙe shi, wannan zoben in an cire ba a maida shi, sabo ake sawa. Wanda ya maida tsoho yana wasa da rai, don shi ke hana sanda zarewa da taya gaba ɗaya a kan gudu. Sannan a duba ɗan numfashin da ke saman aksul, in laka ta toshe shi iska in ta yi zafi ba ta da hanyar fita sai ta turo mai ta sil. Kuma a kai wurin mai injin matsi Hajiya, ban da masu dukan sanda da ƙasa.

Hajiya Mai Biredi:
Innalillahi. Na gode Baba Allah ya ƙara girma, yanzu zan kira shi ya aje makulli

Mai Sifiya:
Hajiya ki ce a sayo miki saiti, boris da zobe da sil na ciki da na waje, kada a sayo ɗaiɗai

Yaron Gareji:
Ba wanda ya yi maganar giris. Oga wane iri ake sa maka, na gwangwani ko na awo?

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Wanda ke garejin dai, cikin wani bokitin fenti yake

Injiniya Ɗan Poli:
Bokiti a buɗe cikin gareji da iskar hunturun Katsina, rabinshi yashi ne. Kuma giris kala kala ne. Mai arhar nan na kalsiyam tun zafi bai kai digiri 100 ba yake narkewa, na fin da boljoyin ne. Na ƙafa mai litiyam ake so lamba 2, shi sai wajen digiri 180 zuwa sama yake sakin jiki, ka tuna zafin birki ma cikin hob yake sauka. Kuma ba a haɗa kala biyu, a wanke tsohon tas da kananzir a bari ya bushe.

Baba Bakanike Daura:
Kuma ba shafawa ake ba kamar man kitso. Ka zuba giris a tafin hannu ka riƙa danna bakin boris ta gefe mai faɗi kana dangwala har ka ga ya ɓullo ta sama tsakanin 'ya'yan, ka juya ka ci gaba har ka zagaye. Cikin hob a sa daidai kada a cika shi maƙil, giris in ya yi yawa shi ma zafi yake kawowa. Sil na bayan hob sabo duk buɗewa, kuɗinshi bai kai na kwanon shinkafa ba amma shi ke tsare ruwa da ƙura. Masu wankin mota da injin feshi ma ku hana su saita ruwa cikin ƙafa. Ni na tafi in kwanta, da asuba akwai aiki.

Direban Mashi:
Baba kafin ka tafi, boris Beljiyam fa? Ni na fi yarda da shi bisa sabon yanzu

Baba Bakanike Daura:
In hob ne sukutum da boris ɗinshi da kwanonshi ba a raba su ba, na yarda, a wanke a duba a sa giris. Amma tsirarar boris da aka tsinto cikin buhu ba ka san kwanon da ya rayu da shi ba, a'a. Sai da safe.

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Salam yan uwa, na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata. Yau Laraba na kai motar wani gareji daban wajen Ƙofar Guga na ja benci na zauna, ko sallar azahar nan gefen motar na yi. Farko dai murfin hob babu, ashe ya faɗi tun tuni an ɗaure wurin da ledar fiya wata da roba, wil kaf ya rufe ban taɓa gani ba. Maimakon kota fin ƙusa ce yar inci uku aka lanƙwasa. Noti kuwa sai da yaro ya sa ƙafa ya taka sifana kafin ya motsa. Giris ya koma baƙi ƙirin yana warin ƙuna, in ka murza a yatsa kana jin yashi, ƙaramin boris na waje 'ya'yan sun yi shuɗi shuɗi. Da aka wanke hob Baba wlh kamar kana wurin, kwanon ciki duk ya yi ƙuraje kamar wanda ya yi ƙyanda, lambar jikinshi ma ba kamfani ɗaya ba ce da boris ɗin da ke kai. Muna cikin haka yaron motata yace ai Oga akwai wasu zobba cikin aljihun ƙofa tun kwanaki, yaran garejin can suka ba shi wai saura ne. Ya ɗauko, kwano huɗu sabbi fil cikin takardarsu mai maiƙo. Dariya ma ta ƙi zuwa.

Mai Sifiya:
Allahu akbar. To Direban Mashi ka gani, saura kuma a zo a ba mu haƙuri

Direban Mashi:
Naku daban nashi daban, nawa da ya watse da kwanonshi aka sa

Yaron Gareji:
Da bututu kuma

Admin:
Kai dai ba ka ji.

Baba Bakanike Daura:
Alhamdulillahi. Sandar fa, ka duba?

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Na duba Baba, akwai ɗan zane ta ƙasa inda babban boris ke zama amma farce baya maƙalewa, sabon ya shiga da ɗan riƙo ba sululu ba. Mai garejin yace za ta kai ni amma in sa ido. An buga sabbin kwano da tsohon aka ɗora a kai ana bugawa har ƙarar guduma ta canza, giris na gwangwani na sayo da kaina, sil sabo, kota fin sabo. Na je Mashi na dawo ba lodi, na taɓa hob ɗumi kawai kamar na gefen direba. Murfin ne ban samu ba, shago huɗu na shiga babu, yanzu gwangwanin tumatir muka daddaƙa muka rufe da shi.

Baba Bakanike Daura:
Bayan sati ɗaya ka koma a ɗaga a girgiza, sabon kwano yakan ƙara zama a ɗan ƙara ɗauri. Gwangwanin nan kuma kada ya kai damina. Ina da tsohon hob a bayan gareji da murfinshi, in za ka wuce Mai'adua ran Lahadi ka tsaya Daura ka kira ni, zan turo maka lamba ta akwati.

Mai Hayis Ƙofar Ƙaura:
Na gode Baba Allah ya bar zumunci, insha Allah zan tsaya. Mutumin nawa kuma tun ɗazu yake kira ban ɗauka ba, ban san mi zan ce mashi ba tukuna.

Hajiya Mai Biredi:
Mu ma an buɗe tamu, boris ɗin bayan ne. Mai Sifiya saitin nan nawa yake wurinka, kuma kana buɗewa ran Juma'a da safe?